Tuddai Uku a Gaban Makaranta

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da ƙarfe tara da kwata na safe, ma'aikatan ƙaramar hukuma suka zo da diga da shebur suka fasa tuddan rage gudu guda uku da ke kan titin gaban makarantar firamare. An ce wani ne ya rubuta ƙorafi cewa tsayinsu ya wuce ƙa'ida da santimita huɗu, a fasa a sake su daidai. Fasawar dai an yi ta cikin yini ɗaya. Sakewar ce ba a yi ba.

Bayan kwana arba'in da ɗaya, ana tashi daga makaranta, tifar yashi ta bi ta kan 'yar wani tela na unguwar. 'Yar aji huɗu ce.

Tsohon hedimasta yana ƙofar gidansa lokacin, gida na biyu daga katangar makaranta. Ya ji ƙarar birki, ya ga takalmi ɗaya a tsakiyar kwalta. Bai yi ihu ba, bai ruga ba. Shiga ciki ya yi ya duba agogo, ya rubuta lokacin.

Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa, kuma rabin unguwar sun wuce ta hannunsa. Mutum ne da ke mayar wa hukuma wasiƙarta idan ya ga an tsallake waƙafi. Sau uku ya je gaisuwa gidan tela. Duk sa'ad da ya gyara murya zai yi magana, sai dattawa su tare shi: "Zauna, Malam. Ƙaddara ce." Tela kuwa sai kallon ƙasa yake, zaren ɗinki maƙale a hannun rigarsa.

Daga nan Malam ya fara sintiri a sakatariyar ƙaramar hukuma. Buƙatunsa uku ne, ya jera su da lamba. A mayar da tuddan. Shugaban ƙaramar hukuma ya nemi gafara a gaban jama'a. A kuma bayyana sunan wanda ya rubuta ƙorafin, shi ma ya fito ya nemi gafara.

Ta farko ba ta yi wuya ba. Cikin mako guda aka zuba sababbin tuddai, har da fenti fari da rawaya, aka kuma ɗauki mai tsallakar da yara. A kan sauran biyun ne aka yi ta yi masa jeka-ka-dawo. Yau shugaba yana taro, gobe mai makullin ɗakin fayil bai zo ba. Masinja yana hango shi sai ya miƙe ya ba shi kujera, ya kawo ruwa. Ba ya sha.

A gida ma abinci sai dai ya huce a gabansa. "Malam, ka bar maganar nan haka," in ji matarsa. "Kowa ya yi shiru, kai me ya sa ba za ka yi ba?" Sai ya ce mata ta miƙo masa tabarau.

A zuwa na tara sakatare ya shigo da shi ofis, ya rufe ƙofa. Tsohon ɗalibinsa ne, wanda ya sha tsallen kwaɗo saboda makara. Yanzu ga tumbi, ga fanka biyu, amma bai iya zama ba sai da Malam ya zauna.

"Malam, don girman Allah. An gyara titi. Me ya rage?"

"Lamba ta biyu da ta uku. Ko har yanzu ƙidaya tana ba ka wuya?"

Sakatare ya yi dariyar yaƙe. Fayil ɗin yana kan teburinsa, ya ɗora tafin hannu a kai kamar mai tsoron kada iska ta buɗe shi. "Shugaba zai iya zuwa, wannan mai sauƙi ne. Amma sunan nan, mun zauna mun yanke shawarar a rufa asiri. Dattijo ne, mai mutunci. Bai yi da mugun nufi ba."

"Ita yarinyar da wane nufi ta tsallaka?"

Fanka ta yi ta juyawa. A waje wani yana buga hatimi, tim, tim.

Malam ya miƙe a hankali, ya daidaita takardunsa gefe da gefe. Muryarsa ba ta hau ba, ba ta sauka ba, kamar mai kiran rajista.

"Na koya maka cewa kuskuren da aka yi a kan allo, a kan allo ake gyara shi, ba a bayan aji ba. Ranar Litinin, ƙarfe takwas, ku tara iyaye da yara a filin makaranta. Shugabanku ya fara ba da haƙuri, tunda ya fasa bai gina ba. Sannan ku kira sunana da lasifika, in tsaya gaban tela in faɗa masa ni na auna tuddan nan, ni na rubuta a fasa su."