Sabulu a Gindin Tanki

Kai da kake cewa duk wanda ruwa ya ci kwanansa ne ya ƙare, ban musa maka ba. Amma saurari wannan misali kafin ka sake rufe bakin masu tambaya da sunan ƙaddara.

An yi wani attajiri da ya daɗe yana harkar manyan motoci, daga baya ya sayi tsohon jirgin fito mai inji, wanda ke haye da mutanen tsallaken kogi zuwa kasuwa. Da matuƙin ya dame shi da ƙorafin warin fetur, sai ya sa aka kwance tankin aka kai wa wani dattijo mai walda a bakin gaɓa. Dattijon ya zuƙe man da tiyo zuwa cikin jarka, ya karkata tankin har dagwalon tsatsa ya fita, ya ɗauraye shi, ya shanya. Sa'an nan ya toshe kowace kafa, ya hura masa iska da famfon keke, ya dama ruwan sabulu ya bi ƙarfen yana shafawa. A gindin tankin kumfa ta soma tasowa, ƙanana kamar ƙwan kifi, har wuri bakwai. Ya zagaye kowanne da alli, ya nuna wa attajirin, ya ce, "Alhaji, wannan ya gama aiki. Ya zama rariya, in na liƙe nan can zai buɗe." Attajirin ya yi dariya ya ce, "Baba, kai kumfar sabulu ka sani, ni na san ƙarfinsa. Da shi muke toshe tankin mota daga nan har Kurmi." Washegari ranar kasuwa ce, ba ya son jirginsa ya kwana a gaɓa. Ya ɗauke tankin, ya goge allin, ya murza busasshen sabulu a ramukan har suka cike. Gaskiya ne fetur ba ya narkar da sabulu, kowane direba ya san haka. Abin da ya manta, ko ya ga damar mantawa, shi ne tankin mota a busasshiyar hanya yake tafiya, na jirgi kuwa a cikin ruwan da ke taruwa a ƙasan jirgi yake zaune.

Da safe dattijon ya taka har mashigi ya yi gargaɗi, aka ce haushin rasa aiki ne ke cin sa. Damina ce, kogi ya cika ya batse. Mutane suka shiga da ƙwaryar nono da kwandunan bandar kifi, mata da goyo a baya. Kafin a kai rabin hanya ruwa ya lashe sabulun, man ya tsiyaye, injin ya yi tari sau biyu ya mutu daidai inda ruwa ya fi ƙarfi. Igiyar ruwa ta juya jirgin ta maka shi a kan kututture. Masunta suka ceto wanda suka iya. Sauran kuwa kwana uku ana tsamo su, har da matuƙin. Da aka tambayi wanda ya taɓa tankin, attajirin ya sunkuyar da kai ya ce shi dai ya kai gyara. Kowa ya ga tankin a rumfar dattijon. Waɗanda suka ji gargaɗinsa suka ce ba su tuna ba, domin a ƙofar gidan Alhaji suke cin tuwo. Aka rushe rumfar, aka tafi da dattijon a ɗaure yana rantsuwa, babu mai sauraro. A zaman makoki attajirin ne a sahun gaba, yana yi wa marayu nasiha da haƙuri. Wata bai zagayo ba ya sayo wani tsohon jirgin, kuma tun da babu gada babu wata hanya, waɗanda suka binne 'yan'uwansu suka biya kuɗin fito suka shiga. Dattijon bai sake ganin kogin ba. A tsare ya rasu, har yau kuma ana kiran sa wanda ya kashe mutanen tsallake.

Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.