Shayin da Ya Ƙi Kwanciya

Munirat ta daɗe da daina cika wa mijinta Osman kofin shayi. Rabin kofi take zuba masa, shi kuwa yana tsokanarta wai tsufa ya koya mata rowa.

Osman makanikin jirgin ruwa ne a Yanbu, sai ƙarshen mako yake dawowa gida unguwar Harra ta Gabas a Madina. Tun daga bakin ƙofa yake fara zancen sandar farfela, doguwar sandar ƙarfen nan da injin ke juya farfela da ita. Wai girgiza take yi, kuma wata rana a tsakiyar teku za ta karye da mutane.

Shi bai yarda da na'ura ba. Yadda ya koya a Bur Sudan tun yana saurayi, haka yake yi: ya cika kofi da shayi, ya riƙe shi a kan murfin boris ɗin da sandar ke juyawa a ciki, ya zuba ido. In shayin ya kwanta, sanda lafiya lau. Bana kuwa shayin ya ƙi kwanciya.

Matasan injiniyoyi suka auna, suka ce babu komai. Ya ce yara ne, yaushe aka haife su. Albarkacin furfurarsa kamfani ya tsayar da jirgin, aka canja boris, aka daidaita sanda, aka ciro farfela aka duba. Ya sake riƙe kofinsa, shayin na rawa. Sai aka kira shi ofis, aka gode masa, aka sallame shi. Iƙamarsa kuwa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, a hannun kamfanin take.

Ya dawo Madina da baƙin ciki. Rashin aikin bai ci masa rai ba kamar tunanin mutanen da za su hau jirgin. Ya rantse gobe zai koma Yanbu ya hana shi tashi, ko da za a kama shi a mayar da shi Sudan.

Munirat ta shiga kicin. Da ta fito idanunta sun yi ja, ta miƙa wa Osman kofi tana kiransa da sunan 'yarsu.

"Abu Sundus, karɓi. Yau na cika maka."

Ya karɓa. Babu injin, babu teku, ƙarƙashinsu sai baƙin dutsen Harra. Osman ya zuba wa kofin ido, ga shayin yana rawa a hannunsa, irin rawar nan da ya sha gani a jirgi, har yana zuba masa a riga.