Mutuwar Shok ɗin Friday

Ramin da ke gaban makarantar firamare shi ne na farko, kuma shi ya fi mugunta. Friday ya rage gudu, ya cije leɓe, amma duk da haka sai da bayan babur ɗin ya daki ƙasa, gwaram, har haƙoransa suka haɗu.

"Sannu, Inna," ya ce.

"Tuƙa abinka, Ɗanjumma," in ji Inna Rakiya daga baya. Ita ba ta taɓa wahalar da bakinta wajen cewa Friday ba.

Wata uku ke nan da shok ɗin baya ya mutu, wato ƙarfen nan mai murɗaɗɗen sifirin da ke shanye gargada kafin ta kai ga ƙugun fasinja. Tun da ya mutu, kowace tsakuwa sai ta gaishe da wanda ke zaune. A tashar 'yan acaɓa ta Karshi sun raɗa wa babur ɗin suna Jaki Mai Tutsu. Madam Margaret, wadda ta shekara biyu tana hawansa, ta sauka wata rana tana dafe da baya, ta ce, "Friday, ina da yara ƙanana. Ko kyauta ne na yafe."

Haka suka watse ɗaya bayan ɗaya. Sai baƙon da bai sani ba, shi ma hawa ɗaya yake yi ya tuba.

Inna Rakiya kaɗai ta rage. Dattijuwar Bafulatana ce da ke kai nono Jikwoyi kowace safiya. Takan wuce babura goma sha biyar masu sheƙi, masu su suna ta kiranta, ta zo ta tsaya gaban nasa. Ta ɗaure jarkarta can ƙarshen kariyar ɗaukar kaya ta bayan babur da kanta, ta ninka tsohon bargo sau huɗu ta zauna a kai. Ba ta bin kwalta. Ta ce manyan motoci tsoro suke ba ta, a bi ta tsohuwar hanyar gonaki.

Wannan amana ta tsaya wa Friday a rai. Ga tsohuwa mai ciwon kafaɗa, wadda ko ɗankwali da ƙyar take ɗaga hannu ta ɗaura, kullum yana jijjiga ta kamar buhun gero, ba ta taɓa cewa uffan ba. In sun isa ma, takan kwance jarkarta, ta ɗaga ta, ta yi murmushi, ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ya san haƙuri ma yana da iyaka. Ran da ta gaji ta hau na wani, shi ke nan, sai ya jingine babur ya koma noman doya wajen kawunsa, abin da ya rantse ba zai yi ba.

Ran Laraba ya ji Musaddiq, mai sabon babur ja, yana ce mata, "Inna, zo ki ji yadda ake tafiya kamar a kan katifa. Wancan zai zubar miki da sauran haƙoran." Ta yi dariya ta wuce, amma Friday ya ga ta waiwaya ta dubi jan babur ɗin. Ko kuwa idonsa ne ya nuna masa haka.

Da yamma ya tura Jaki Mai Tutsu garejin Oga Andrew.

"Yau rana ta fito ta yamma," in ji bakaniken. "Ko aure za ka yi?"

"Oga, saka mini mai kyau kawai. Wanda ko ƙwai aka ɗora ba zai fashe ba."

Andrew ya kwance tsohon, ya jefa shi kan tarin ƙarafan da 'yan bola-jari ke kwasa, ya ɗaura sabo fil. Friday ya danna kujerar da hannu, ta nutse a hankali ta taso a hankali. Sai da ya yi haka sau biyar.

Washegari bai gaya mata komai ba. Ta ɗaure jarka, ta ninka bargo, suka kama hanya. Ramin makarantar firamare ya zo ya wuce kamar ba a yi shi ba. Kwazazzabon bakin rafi ma haka. Friday yana ta satar kallonta ta madubi, yana jiran yabo.

Can sai Inna Rakiya ta ce, "Ɗanjumma, ba ka da lafiya ne?"

"Lafiya lau, Inna."

"To ƙara wuta mana."

Ya ƙara. Babur ɗin ya ci gaba da lilo kamar kwalekwale a ruwa mai kwanciya.

A Jikwoyi mata uku masu abinci suna tsaye da robobinsu inda suka saba jiranta. Ta sauka, ta kwance jarkar, ta buɗe murfin, ta leƙa ciki. Ta daɗe tana leƙe. Sannan ta zagaya bayan babur ɗin, ta sunkuya, ta ga sabon ƙarfen yana ƙyalli.

"Wa ya ba ka wannan shawara?"

"Don ke na yi, Inna," ya ce, ƙirjinsa a buɗe. "Kin sha wahala da yawa."

"Ina tsohon?"

"Yana bola a garejin Oga Andrew."

"Maza juya ka karɓo shi kafin a kwashe. In ba a mayar da shi ba, gobe kada ka jira ni."

"Haba Inna! Me mataccen shok zai yi miki?"

Ta miƙo masa bakin jarkar ya ga farin kindirmo kwance lumui, ta ce, "Wata uku rabona da kaɗa nono da wannan kafaɗar, ɗan nan; babur ɗinka ne ke fitar mini da man shanun da matan nan ke jira."