Ɗakin da Maigida Ke Kamawa

Tana ganin mijinta ya shige otal ɗin, ta bi bayansa. Tsohon gini ne da ya yi ƙarnuka, an yi sansanin mayaƙa a cikinsa, an yi rumbun hatsi. An tsegunta mata cewa duk shekara sai ya kama ɗaki a nan.

Ta banka ƙofar ɗakin. Shi kaɗai ne zaune a ƙasa.

"Maigida, ina ka ɓoye ta?" ta tambaya tana leƙa banɗaki.

"Wa?"

"Matar da kake zuwa dominta."

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Ta rasu tuntuni," ya ce. "Kafin otal, nan kurkukun mata ne. A ɗakin nan ta haife ni."