Tiyoyin Alhaji Marwan

Marin ya sauka a kuncin Lawwali ana tsakiyar cin kasuwar Matameye, a gaban surukinsa da ya kawo gero daga Dungu. Laifinsa tambaya ɗaya ce: me ya sa mangazar Alhaji Marwan, shagon hatsin da yake wa aiki, ke saye da tiya mai jan zare, ta sayar da mai baƙin zare?

"Awo na ɗauke ka, ba tambaya ba," in ji Alhaji. "Ja ta saye, baƙa ta sayarwa. Wanda ya ƙara buɗe baki, ga hanya nan."

Magidanci mai 'ya'ya shida, shekara goma sha ɗaya yana durƙuso a bakin buhun mutum! Lawwali ya haɗiye abin, amma bai wuce masa maƙogwaro ba. Da yamma ya goge tiyoyin kamar kullum, ya rataye su. Bai ƙara tambayar kowa komai ba.

Kakar nan kasuwa ta buɗe. Manoman Ɗan Barto suka riƙa tsallake 'yan awo suna kawo wa Alhaji, mata masu fura kuwa har layi suke yi. Alhaji ya ce albarka ce, kowa ya ce haka ne. To, wa zai ce ba haka ba?

Sai gero ya fara ƙafa. A sayi na buhu goma, wajen sayarwa a ga tara. Alhaji ya canza kwaɗo, ya kori mai gadi, ya zuba maganin ɓera, ya sa aka yayyafa rubutu. Har kujera ya kafa yana kallon hannun Lawwali: ja ta saye, baƙa ta sayarwa, babu kuskure. Sauran ma'aikata sun ga abin da suka gani, amma kowa na son kuncinsa.

Kafin damina mangaza ta koma hannun wani. Lawwali bai ji tausayi ba ko ƙwaya. Daɗi ya ji, har cikin ransa.

Ran rufewa Alhaji ya riƙe hannunsa, ido ya kawo ruwa. "Kai kaɗai ne ba ka ci amanata ba. Me zan ba ka?"

"Tiyoyin nan sun ishe ni, Alhaji."

A gida Lawwali ya cika mai baƙin zare, ya juye a mai ja, gero ya yi ta zuba ƙasa. Ba a banza ya musanya musu zare ba tun yammacin da aka mare shi: Alhaji ya koma saye da ƙaramar, sayarwa da babbar.