Agogon Ɓauna

Kawu ba ya goge agogo. Duk mai tara tsofaffin agogunan manyan mutane ya san haka: ƙarzuwar da ke jiki ita ce tarihin, in ka goge ta ka goge mai shi.

A akwatinsa akwai na wani matuƙin jirgi, akwai na wata mawaƙiya, amma abin taƙamarsa shi ne na zinariyar nan na marigayi Ɓauna, zakaran damben da ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Gefen agogon a lotse yake. Kawu ya rantse ƙarfin naushin Ɓauna ne ya lotsa shi, ranar da ya tarwatsa 'yan fashi shi kaɗai. Ya ba da labarin nan har kujerun falonsa sun haddace.

Sai Likita, abokin hamayyarsa a harkar, ya ɗaga agogon a gaban jama'a a taron masu tara agogo.

“Kawu, dubi madaurin. Hudar ƙarshe ce ta cinye. Wannan hannun Ɓauna ne ko na sauro? An yi maka sakiyar da ba ruwa.”

“Ramewa ya yi da tsufa,” in ji Kawu. Aka kwashe da dariya.

Daga ranar ya daina zuwa taronsu. Abinci ma sai matarsa ta yi da gaske. Ya bi tsofaffin masu horar da 'yan dambe, ya bi dillalai, ƙafa ta kumbura, kafin aka nuna masa inda matar marigayin take haya, can saman wani tsohon bene. Ya ja Likita ya zama shaida. Suka hau suna haki, kowa dafe da gwiwa.

Tsohuwa ce siririya. Ta dube su da ido ɗaya, ɗayan ya daɗe da mutuwa. Ɗakin tsaf, bango fayau, ko hoto babu.

Kawu ya warware ƙyallen da ya naɗe agogon a ciki.

“Mama, don Allah ki raba mu. Na maigidanki ne?”

Ta daɗe tana kallon agogon, ba ta taɓa shi ba.

“Shi ya saya. Ni na sayar, washegarin da aka binne shi.”

Kawu ya waiwayi Likita, gajiyar watanni ta sauka daga kafaɗarsa.

“Ka ji ko, sarkin gardama? To Mama, lotsawar nan fa? Faɗa masa da bakinki, ba naushin Ɓauna ba ne?”

“Naushinsa ne,” ta ce, ta gyara zama kamar mai son su tafi. “Ni ke ɗaure da agogon ranar. Na ɗaga hannu ne in kare idon da ya rage mini.”