Ludayi Biyu

Washegarin da aka binne ƙanena Hashimu, da azahar Inna ta dama fura kamar kullum. Ta ajiye mini ƙwaryar a ƙofar ɗaki, da ludayi biyu a ciki. Hannunta ne bai saba ba tukuna.

Ni aka ba tsaronsa ranar da ruwan gulbin Gagare ya ci shi. Na tsaya harbin kurciya.

Inna ta miƙo hannu za ta ɗauke ƙaramin ludayin. Baba ya ce, "Bar shi nan." Ya tsugunna gabana, ya tura mini shi. Akwai shatin haƙoran Hashimu a bakin ludayin.

"Sha da nashi. Tunda ka ba gulbi shi, rabonai naka na. Shanye, kuma kar in ga hawaye."

Na shanye tas. Baba ya duba ƙwaryar, ya tashi.

Daga ranar ba a sake ambatar Hashimu a gidanmu ba. Bana, a ajin yaƙi da jahilci a Ƙaura, malam ya ce kowa ya rubuta sunan da ya fi so. Na rubuta nasa, na rufe da tafin hannu.